Gasar Glasgow da filin damben garinmu

Shekarata shida ke nan a Glasgow ina aikin jinya, amma cibiyata tana binne a wani ƙauye kusa da Ringim. Tun da aka ba birnin nan gasar ƙasashe renon Ingila ta 2026 nake ta tuna gonar Baffa.

Asali jihar Victoria ta Ostareliya ce ta karɓi gasar. A Yulin 2023 ta ce ta fasa, don lissafin da ya fara daga dalar ƙasarsu biliyan 2.6 ya haura biliyan 6. Ta biya diyyar miliyan 380 ta kama gabanta. Aka tallata wa Malesiya, ta ce a kai kasuwa. Da ƙyar Glasgow ta yarda, ita ma da sharaɗi: wasanni goma kacal, a wurare huɗu da dama suna nan, ba sabon fili, ba unguwar 'yan wasa, kowa a sauke shi a otal. Fam miliyan 100 na kuɗin ma daga diyyar nan aka yanko.

Abokan aikina suna ƙorafi wai an rage wa gasar armashi. Ni ma na ji zafin cire kokawa, inda matan Najeriya suka kwaso zinare uku a Birmingham a 2022. Amma tsarin bai zame mini baƙo ba.

A garinmu, da an gama yankan dawa, gonar Baffa ce filin dambe. Samari su tumɓuke tushiyoyi, a share, a kewaye da zana, a bar ƙofa ɗaya inda wani dattijo ke zama da kwano yana karɓar kuɗin shiga. Bencina daga makarantar firamare, tabarmi daga gidaje, kujerar roba guda ta Maigari. 'Yan damben da suka zo daga Gumel da Kazaure a zaurukan mahauta suke kwana, tuwonsu kuma gida-gida yake fitowa. Kwana uku ana kiɗa, ana kirari, ana ɗaura zare, ƙura har cikin haƙora. Rana ta huɗu kowa ya zo ya naɗe zanarsa. Ba a bin kowa bashi, Baffa kuma ya samu taki a banza daga dabbobin 'yan kallo.

To, sai ka dubi abin da manya suke yi da sunan alfahari. Montreal ta yi Olamfik a 1976, ba ta gama biyan bashin ba sai 2006. Wuraren wasa da dama da Girka ta gina don 2004 ciyawa ta cinye su. Mu ma mun gina katafaren filin Abuja don wasannin Afirka na 2003, bayan shekaru sai da Dangote ya sa hannu a aljihu kafin ciyawarsa ta sake takuwa.

Kada dai a ruɗe mu: arahar Glasgow ba daga sama ta faɗo ba. Sun kashe kuɗi don gasar 2014, wadda suka kayar da Abuja wajen nemanta a 2007, sannan suka riƙe wuraren da kyau. Wurin ninkaya na Tollcross yara suna shigarsa duk mako, har da 'yata. Can gida ginin ba ya gagarar mu, riƙon ne.

Shi ya sa da aka ba Ahmedabad ta Indiya gasar 2030 aka hana Abuja, ban yi zaman makoki ba. In za mu sake nema, a raba ta gari-gari kamar kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, da Kano ta samu rabonta a filin Ƙofar Mata. A gyara na hannu, baƙi su sauka a ɗakunan jami'o'i lokacin hutu.

Jiya ƙanena ya turo mini saƙon murya ta WhatsApp: bana damben ya koma gonar maƙwabci, Baffa ya zuba kankana a tasa, ya ce ko Sarkin Dambe bai isa ya taka masa yaɗo ba.