Kada tausayi ya sa mu kwantar da su

Yau da masu jinya nake magana. Ku da ke da uwa, ko ƴar'uwa, ko mata mai fama da kansar mama a gidajenmu na nan Yamai.

Tausayi kam muna da shi, Allah ya sani. Daga ranar da aka ce mace ta soma shimiyo, wato maganin nan mai ƙarfi na kashe ƙwayoyin kansa, shi ke nan an ɗora ta bisa katifa. Ta ɗauki tsintsiya, a karɓe. Ta yunƙura za ta ɗebo ruwan alwala, yarinya ta rugo da buta: "Inna, zauna, kar ki wahalar da kanki." Ta ce bari ta leƙa barkar maƙwabta, maigida ya ce jikinta bai kai ba. Da zuciya ɗaya ake yin duk wannan. Amma kwanciyar nan da muke tilasta musu tana ƙara musu gajiyar da muke gudar musu, kuma abin yana damuna ƙwarai.

Gajiyar kansa ba irin ta wadda ta wuni tana daka ba ce, wadda barcin dare ɗaya ke wankewa. Mace za ta kwana ta tashi jiki a mace, ɗaura kallabi ma ya zame mata aiki. Ciwon na kawo ta, shimiyo da gashin na'ura (ƙona ciwon da hasken na'ura) na kawo ta, ga ƙarancin jini, ga rashin cin abinci, ga tunani da ke hana barci. Wasu har an gama magani da watanni tana biye da su. To idan aka haɗa da kwanciya dare da rana, tsokar jiki sai ta riƙa zubewa, zuciya da huhu su saba da zama. Tafiyar da a da ba ta jin ta, daga ɗaki zuwa bayan gida, yanzu sai da haki. Dangi su gani su ce ai ga shi nan, ƙara kwantawa. Haka ƙarfin ke ta tsiyayewa.

Likitoci sun daɗe da bin diddigin wannan. A 2017 mujallar JAMA Oncology ta fitar da nazarin da ya tattara bincike 113 a kan mutum sama da 11,000, aka ga motsa jiki da taimakon kwantar da hankali sun fi ƙwayoyin magani rage wannan gajiya. A 2019 masana da suka taru ƙarƙashin ƙungiyar likitocin wasanni ta Amurka suka ba da ma'auni: motsi matsakaici na minti 30, sau 3 a mako, har mako 12 ko fiye, da ɗan aikin ƙarfafa tsoka sau 2 a mako. Matsakaici shi ne tafiyar da numfashi zai ɗan ɗaga amma kina iya hira da ta gefenki. Wadda ba ta iya 30 ba ta fara da 5, ta ƙara sannu a hankali.

Sai maganar hannu. Wadda aka yi wa aiki aka cire mata kaluluwar hammata, kowa ce mata yake kar ta motsa hannun nan, zai kumbura. Sai ta manne shi a jiki har kafaɗa ta sandare. A 2009 an fitar da sakamakon gwajin da aka yi wa mata 141 masu wannan kumburi a Amurka: waɗanda suka riƙa ɗaga nauyi kaɗan-kaɗan, da kulawar masani, kumburinsu bai fi na sauran ba, tashin ciwon ma ya ragu. A gida abin ba ya son kuɗi. Ta fuskanci bango, ta riƙa hawa da yatsu sama har inda ta ji ja, ta yi alama da gawayi, gobe ta nemi wuce alamar. Daga baya ta ɗauki ƙaramar robar ruwa mai rabin lita. Likitan da ya yi aikin ko kine, wato masanin motsa gaɓoɓi, shi zai ce ga ranar farawa.

Na san Yamai. A watan Afrilu zafi na wuce 40, ba mai cewa a fita da rana tsaka. Bayan sallar asuba ne lokaci, ko gab da magariba, da ruwa a hannu. Mai hali ta je filin wasa na Seyni Kunce inda mutane ke zagaye, marar hali tsakar gida ta ishe ta. Abin da ya fi zafin rana hana su fita shi ne idon mutane: gashi ya zube, jiki ya rame, ana nuna ta da baki. Nan ne amfaninmu yake. Ɗiyarta ko ƙanwarta ta sa hijabi ta ce, "Yaya, taso ki raka ni bakin titi." Ku tuna da baƙinmu da ke zuwa magani daga Tawa, tafiyar fiye da kilomita 500, su sauka gidan dangi, kunya ta kulle su cikin ɗaki ɗaya wata da watanni. Uwargida ce ya kamata ta fara jan su waje.

Tun 2021 ake gashin na'ura a cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa nan Yamai, ci gaba ne babba. Roƙona ga likitoci da ungozomai, ku riƙa faɗin maganar tafiya a gaban mai rakiya, don bakinku ne dangi ke ji.

Akwai ranakun da hutu ne daidai. Zazzaɓi lokacin shimiyo ba na tafiya ba ne, na gaggawar komawa likita ne. Haka jiri, ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, ko jini ya yi ƙasa sosai. Wadda ciwon ya taɓa mata ƙashi kuwa, kada ta ɗaga komai sai likitanta ya tsara mata irin motsin da ya dace da ita.