Ranar da aka buɗe littafin akanta a teburin mai shayi

Duk wanda ya san ni a Agege ya san ni da ƙaton littafin nan mai shuɗin bango a hammata. A ƙarƙashin gadar Ojuelegba na saye shi, wajen masu baza littattafan gwanjo a ƙasa, na Turanci ne, na koyon lissafin kuɗi. Ban taɓa wuce shafi na huɗu ba. Cikinsa na yage na ba mai ƙosai, na manna na Hausa a cikin bangon, irin na soyayyar nan da direban Alhaji yake kawo wa uwargida daga Kano duk sa'ad da ya sauke tumatir a kasuwar Mile 12. Kada wanda ya ce mini komai. Ka shiga danfo, bas ɗin haya na Legas, daga Oshodi za ka Idumota, gosulo ya riƙe ku a tsakiyar gadar Third Mainland, gadar da ta kusa kilomita 12, dama ruwa hagu ruwa, waya ba caji. A nan na fara leƙawa, a nan na kamu.

To ranar Talata bayan Isha'i ina teburin mai shayinmu, na yi nisa, an zo wajen da ake shirin ɗaura wa yarinyar aure da wanda ba ta so. Sai ga Kawu da baƙinsa biyu, ga kuma yayan wadda kuka sani, yarinyar da nake nema, a bayansu. Kawu ya dafa kaina.

"Kun ga wannan? Shi kaɗai ne a gidanmu ya riƙi boko da hannu biyu. Akanta zai zama. Dubi idonsa ma, ja wur saboda karatu."

Idon dai kuka ne ya sa shi ja. Na ce hayaƙin murhu ne. Kafin in rufe, Kawu ya zare littafin, ya miƙa wa autan Alhaji, ɗan aji huɗun firamare, wai ya karanta wa baƙi layi biyu su ji irin Turancin da ake sha a Legas.

Na ce, "Kawu, ya yi masa nauyi."

Ya ce, "Bar shi ya gwada."

Yaron nan haifaffen Agege ne, Yarabanci ya fi zama a bakinsa, bai taɓa ganin harafi mai lanƙwasa a rubuce ba. Ya gyara tsayuwa kamar mai karanta rantsuwa a asambili, ya ɗaga murya:

"Ya... has-ken... i-do-na... ka-u-nar-ki..."

"Ƙaunarki," in ji Kawu. Gyara masa ya yi! Bakinsa ya riga tunaninsa. Sai da kalmar ta fita ya tsaya, kofi a hannu, ya juyo ya dube ni. Ɗaya daga cikin baƙin ya ce ashe yanzu har lissafi an mayar da shi Hausa, madalla da gwamnati. Da gaske yake, bawan Allah, ba gatse ba ne. Yaro kuwa ya ga an gane abin da yake faɗa, sai ya ƙara ƙaimi. Ya karanta wajen da saurayin ya ce abinci ya daina shigar masa. Ya karanta wajen hawaye a kan matashi. Ni ina zaune da burodi a baki, ya ƙi haɗiyuwa, ya ƙi fitowa.

Da a nan aka tsaya da sauƙi. Amma ina da halin rubutu a gefen shafi da jan biro. Yaro ya karkata littafin ya ce, "Akwai wani a nan, da hannu aka rubuta." Ya karanta a hankali, harafi harafi: "Wallahi... baban nan... azzalumi ne... ko ni ne... sai na gudu da ita."

Yayan wadda kuka sani ya ajiye cokali. Bai ce uffan ba, kallona kawai ya yi, irin kallon da mahauci ke yi wa rago.

Duk wannan na yafe. Wanda ban yafe wa ba shi ne mai shayi. Mutumin nan ya yi dariya har ƙwai ya ƙone a kasko, yana dukan tebur yana cewa "akanta, akanta". Shi fa! Wanda shekara da shekaru yana ba ni shayi kamar ruwan wanke kofi, madara sai dai ya nuna wa kofin gwangwani daga nesa. Canjina naira ɗari biyu yana hannunsa tun kafin a buɗe gadar sama ta Pen Cinema a 2021, kullum "gobe". Kuma wa bai san abin da yake ji a waya ba in dare ya raba? Irin littattafan nan ne dai da ake karantawa a YouTube, ya toshe kunne yana wanke kofuna yana tsaki shi kaɗai. Na taɓa jin sa da kunnena yana cewa "kai, wannan kishiya ba ta da imani". Don dai shi nasa ba ya da bango da za a buɗe.

Kawu ya tafi da littafin a aljihu, wai zai ƙona. Kwana uku bai amsa gaisuwata ba. Ran Juma'a ya kira ni gefe bayan masallaci, ya yi gyaran murya, ya ce shi ba wani abu ba, amma an katse labarin a tsakiya, wai "mu haɗu a littafi na uku", ina na ukun yake?

Na ce yana wajen direba, motarsa kuma ta lalace a Jebba.

Ya ce in ya iso in sanar da shi. Mai shayi ma ya tambaya jiya. Ban ba shi amsa ba, na dai tuna masa canjina.