Su sabunta makamansu, amma su dawo da masu bincike

Jama'a, maganar makaman nukiliya ta daɗe tana damuna. Manyan ƙasashe na cewa dole su sabunta nasu don abokin gaba ya ci gaba da shakkar taɓa su. Na fahimci wannan hujjar. Makami mai linzami irin Minuteman III na Amurka tun shekarun 1970 yake girke, kuma barin irin wannan ya tsufa shi ma haɗari ne. Abin da ke tayar min da hankali shi ne ana sabuntawar ne a daidai lokacin da ake watsi da yarjejeniyoyin da suka taka wa makaman burki.

Yarjejeniyar hana bazuwar makaman nukiliya ta 1968 ciniki ce. Waɗanda ba su da bam ɗin suka yarda ba za su ƙera ba, su kuma masu shi za su tattauna da zuciya ɗaya kan kwance ɗamara. An taɓa ganin alamar cika alkawari. Shugaban Amurka Reagan da jagoran Tarayyar Sobiyet Gorbachev sun sa hannu kan kawar da makamai masu matsakaicin zango a 1987, jami'an kowane ɓangare suna shiga sansanonin ɗayan suna gani da idonsu. Bama-baman duniya suka ragu daga kusan 70,000 zuwa wajen 12,000.

Waccan yarjejeniyar ta 1987 ta rushe a 2019. A 2023 Rasha ta dakatar da aiki da New START, yarjejeniyarta da Amurka wadda ta ƙayyade wa kowannensu bama-bamai 1,550 a girke. Birtaniya ta ɗaga iyakar nata zuwa 260, China ma tana ƙarawa.

To me ƙananan ƙasashe suke gani? Yukren ta miƙa makaman da ta gada daga Tarayyar Sobiyet, aka ba ta tabbacin tsaro a Budapest a 1994, daga baya Rasha ta mamaye ta. Gaddafi ya watsar da shirinsa na nukiliya a 2003, kowa ya san yadda ta ƙare a 2011. Koriya ta Arewa ta gwada nata a 2006, ba wanda ya shiga mata. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, kuma ina tsoron ruwan da wasu shugabanni za su nema bam ne.

Shi ya sa na fi son kowane sabon makami ya maye gurbin tsoho ɗaya tak, a dawo da masu bincike da musayar alƙaluma tsakanin Amurka da Rasha, sannan a jawo China kan teburin.