Katin a buɗe yake tafiya, shi ya sa maganar ta gajarta

Wani marubuci ya ce gajerun saƙonnin da ke kan tsofaffin katunan soyayyar Turawa shaida ce ta kunyar masoyan wancan zamani. Ni dai ban gamsu ba. Katin nan ba ambulan gare shi ba: ma'aikacin gidan waya ya karanta, uwar yarinya ta karanta, kafin ya isa hannun mai shi. To wane saurayi zai amayar da abin da ke ransa a haka? Kuma kafin 1902 a Ingila, 1907 a Amurka, bayan katin na adireshi ne kaɗai, saƙo sai a matse shi a gefen hoton. Dole suka nemi dabara, a karkata kan sarki ko a manna shi a kife, budurwa ta gane nufi, har katunan da ke fassara alamomin ake sayarwa. Kai kuma mai cewa wai soyayyar mutanen wancan zamani ta fi ta yanzu natsuwa, dubi katuna masu adon zaren siliki da sojojin Ingila suka riƙa aikawa gida daga Faransa a yaƙin 1914 zuwa 1918. Da ba a sa musu ido ba, kana ganin layi biyu zai ishe su?