Asplund da maganar gaisuwa

Madalla da labarin da kuka wallafa kan Johan Asplund, masanin zamantakewa na ƙasar Suwidin da ya rasu a 2018. Sai dai kun taƙaita shi ga koyarwarsa a Jami'ar Lund, kun tsallake abin da ya fi jan hankali. A 1987 ya fitar da ɗan littafi kan gaisuwa, yana nuna cewa ƙin amsa gaisuwa wani mulki ne da ake gwada wa mutum. Mu da muke tambayar gajiya, iyali da aiki kafin mu shiga zance, ai mun san ciwon a share ka. Haka ya fassara mutuwar zuciyar ma'aikaci, wato gajiyar da ke sa ya sare da aikinsa: kana ta yi, babu mai tanka maka. Nan kam ina ganin ya rage wa yawan aiki laifi.