Yadda Na Nemi Afuwar Kyanwa a Sawakin

Kawu ne ya ba mu aron motarsa, muka kama hanya daga Fot Sudan zuwa Sawakin, tafiyar kilomita 60 ko kusa da haka a gefen Bahar Maliya. Tun a mota ɗansa, wanda bakinsa ba ya shiru, ya fara ba ni labarin cewa kyanwowin garin aljanu ne, ni kuwa na yi masa doguwar lacca a kan camfi, har na ce ilimi ya wuce wannan zamani.

Tsohon garin yana kan tsibiri ne, kuma daga nan kakanninmu da suka taka da ƙafa daga ƙasar Hausa suke shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. An gina gidajen da duwatsun murjani da ake cirowa daga teku, amma tun da Turawan Ingila suka fara gina sabuwar tasha a Fot Sudan a 1905 aka watse aka bar su, suka yi ta zubewa. Ina cikin yi wa ɗan Kawu wannan bayani, wanda ya riga ni sani, sai na hau wani ragowar bango domin ya ɗauke ni hoto, riƙe da ledar soyayyen kifin da muka saya.

Ban ji tahowarta ba. Abin da na ji shi ne wani abu mai laushi ya shafi ƙaurina, da na duba kuma na ga baƙar kyanwa ta kafa mini ido ba ta ko ƙiftawa. Na ɗauko Ayatul Kursiyyu, na tsinci kaina a tsakiyar addu'ar shiga kasuwa. Sannan, da bakin nan nawa da ya yi lacca, na ce mata: "Ku yi haƙuri, bayin Allah, mu baƙi ne." Ku, fa, na ce, ba ke ba. Na ja da baya, dutsen ya ɓare, na zauna daɓas a cikin ɓaraguzai, wandona ya yage tun daga gwiwa.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne wani dattijo da ke zaune a inuwa yana kurɓar gahawa, wanda na yi wa sallama da guntun Larabcina ya amsa da Larabci, bai nuna ko alamar yana jin Hausa ba. Sai da na kai ƙasa ya ajiye finjalinsa a hankali, ya ce da Hausa tsantsa: "Yaro, ai kifi take so." Ya ji laccata, ya ji roƙona, ya zuba ido har na gama. Daga baya ya ce kakansa mutumin Haɗeja ne, kamar wannan zai ɗinke wando.

Kyanwar ta tafi da ledar. Ɗan Kawu ya rantse ya goge bidiyon, amma da muka isa gida Kawu ya tarbe ni da "Sannu da zuwa, bayin Allah."