Saƙon da ke ratsa dutse

Duk sanda na ga ana gardamar wane layi ne ya fi saurin intanet, sai in tuna akwai wuraren da wayar da ta fi kowace tsada ba ta da maraba da ɓawon gyaɗa. Shiga da ita ramin haƙar kwal, ko ka nutsa da ita cikin teku, sabis ya ɗauke ke nan. Ruwan gishiri da jiƙaƙƙiyar ƙasa suna ɗaukar lantarki, shi ya sa suke shanye igiyar rediyo mai saurin kaɗawa tun ba ta je ko'ina ba. Siginar Wi-Fi ko taku ɗaya ba ta yi a ruwan teku.

Dabarar da ke aiki a irin wuraren nan tsohuwa ce, tushenta tun gwajin da masanin kimiyya Michael Faraday ya yi a 1831. A naɗe wayar lantarki kamar gammo, a sa mata lantarki mai kaiwa da komowa a hankali, sai ƙarfin maganaɗisu ya kewaye ta. Wani gammon da ke can gefe ya ji motsin, ya mayar da shi lantarki. Shi maganaɗisu, muddin kaɗawar a hankali take, ƙasa da ruwa ba su cika tare masa hanya ba.

Amma fa ba a banza take zuwa ba. In ka ninka nisa sau biyu, ƙarfin ya ragu sau takwas, kuma saƙon da za ta ɗauka ɗan mitsitsi ne. Da wata dabara dabam, wadda ita ma ta dogara ga kaɗawa a hankali, sojan ruwan Amurka sun shimfiɗa wayoyi masu tsawon kilomitoci a jihohin Wisconsin da Michigan, suna aika sigina mai kaɗawa sau 76 kacal a daƙiƙa zuwa jiragensu na ƙarƙashin teku, har aka rufe tashar a 2004. Rasha ma ta gina tata kusa da Murmansk, mai kaɗawa sau 82. Duk wannan ɗawainiyar, 'yan haruffa ne ke isa cikin mintuna, kuma jirgin ba ya iya mayar da amsa ta wannan hanyar.

Nan ne wasu ke yi wa fasahar dariya, wai me za a yi da abin da ko hoto ba ya turawa? Ni kuwa a ganina awon nasu ne ya karkace. Wanda rami ya rufta da shi ba bidiyo yake nema ba, so yake ya ce "muna raye, mu goma, ga inda muke." A 2006 mahaƙa 12 suka mutu a mahaƙar Sago ta Amurka, akasarinsu suna zaune suna jiran ceto, na sama ba su san takamaiman inda suke ba. A shekarar aka yi dokar da ta wajabta sadarwa marar waya a ramukan kwal na ƙasar. Sai da aka yi asarar rayuka tukuna, kamar kullum.

A 2018 kuma, da yara 12 da kocinsu suka maƙale a kogon Tham Luang na Thailand, cikin kayan da masu ceto daga Ingila suka tafi da su har da HeyPhone, 'yar na'urar da masu sha'awar shiga kogo suka ƙera da kansu, ba wani katafaren kamfani ba. Tana kai murya ta cikin ɗaruruwan mita na dutse.